Wanki Bakwai

Zafin bana ya shigo Makka da wuri. Tun ba a gama gyaran tantunan Arfa ba bangon ɗakina a unguwar Rusaifa ya fara ƙona hannu, na'urar sanyaya ɗaki sai gurnani take yi ba ta tsinana komai. Na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna tsintar shinkafa sai in tashi in leƙa taga, in na leƙa sai in dawo in ɗauki waya in sake sauraron saƙon da na riga na haddace. Muryar Yohanna ce, ƙanin marigayi maigidana, daga ƙauyensu a ƙasar Malumfashi. Ya ce Inna ta kwanta, kwana shida ke nan ruwa kaɗai take karɓa, kuma abu ɗaya take tambaya, ko za a kawo mata jikarta Zainabu ta gan ta ko sau ɗaya.

Inna surukata ce, Kirista ce, shekarunta sun haura tamanin. Zainabu kuwa 'yata ce, a Nakkasa, nan Makka, na haife ta tun kafin a rushe mana unguwa, yanzu tana aure a Katsina, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba zuwa wurin kakarta. Ni ba ni da halin zuwa. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, tana hannun kafili, mutumin da ya tsaya mini, wajen sabuntawa, aikin Hajji kuma ya ƙarato. Don haka na kira Zainabu na roƙe ta ta je a madadina.

"Ummi, ya isa, kada ki sake roƙona," in ji ta. "Baba ya hana mu har ya koma ga Allah. Matar da ta kashe yayata ce zan je in durƙusa wa?"

Na ajiye wayar na koma kan shinkafata. Sai da na yi nisa na lura ƙwayar nake zubarwa ina tara tsakuwar.

Wannan zafin na san shi tun a gida, shekara arba'in ke nan. Daminar da ta gabace shi ta ɗauke da wuri, dawa ta tsaya ba ta yi ido ba. Malam, maigidana, tela ne a Funtuwa, amma wa ke ɗinka riga cikinsa na kuka? Sai ya kai ni wurin mahaifiyarsa, ni da 'yarmu ta fari, ya wuce Kano ci-rani kamar sauran mazan gidan. Na tafi ina ƙunƙuni. Ni 'yar birni ce, a kulle na tashi, ban taɓa riƙe fartanya ba. Malam a coci aka raine shi, yana saurayi ya musulunta, na kuwa ɗauka uwarsa za ta huce haushin hakan a kaina.

Ba ta huce ba. Ta ware mini sabuwar tukunya, ta nuna mini gabas, ta ce in za a yanka kaza maƙwabcinta Musulmi za a kai wa. Kaza ɗaya ce ma ta rage a gidan, ita ma ba ta ga bazara ba. Yarinyar kuwa tun ranar ta sauke ta daga bayana. Shekararta uku. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ba na wasa da ita a gaban mutane, sai dai in ce 'yar Inna. A ɗakin Inna take kwana, a hannunta take ci. Inna na kiranta ƙawata, suna hira kamar sa'o'in juna.

Da bazara ta kankama sai kwanakin suka zama iri ɗaya. Rijiyar gari ta ƙafe, don haka da na idar da sallar asuba muke ɗaukar tulu mu nufi rafi. Ba ruwa a rafin, yashi ne. A tona rami har gwiwar hannu ta nutse, a zauna a jira ruwa ya tsatso, a riƙa kwasa da ƙoƙo kaɗan-kaɗan. Kafin mu dawo rana ta ɗaga, ƙasa na cin tafin ƙafa. Inna ce ke shiga rumbu ta auno hatsi. Da farko tiya guda take fitowa da ita, daga baya rabi, daga baya abin da tafin hannu biyu zai riƙe. Dusar da ake ba akuya muka koma tankaɗewa muna tuƙawa. Da rana, lokacin da iska ke tasowa kamar an buɗe bakin murhu, sai mu bi daji neman ɗorawa da yaɗiya. A dama garin ɗorawa a sha, ciki ya kumbura ya yi shiru na ɗan lokaci. Tuwo sau ɗaya ne, da yamma, miyar busasshiyar rama ba mai ba daddawa.

A cikin wannan zafin azuminsu ya kama, wanda suke yi gabanin Ista. Inna ba ta sa komai a baki sai rana ta karkata, amma takan kurɓi ruwa. Na tsokane ta na ce wane irin azumi ne wannan da ake shan ruwa? Ta ce in bar ganin nata da sauƙi, bana yunwa ta haɗa mu sahu ɗaya, ba liman ba fasto. Ranar Juma'ar da suke tuna gicciye Yesu ta dawo daga coci idonta ja. Ta ce mini a ranar ne marar laifi ya ɗauki kayan masu laifi ya fanshe su. Na ce mu a wurinmu ba a kashe Annabi Isa ba. Ta ce ta sani, in miƙo mata rariya. Iyakar muhawarar addinin da muka taɓa yi ke nan.

Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya yi baƙi har mu kwashe shanya, sai iska ta zo ta watsa shi. Da abin ya yawaita Inna ta ce binne za mu yi, wato a shuka a busasshiyar ƙasa iri ya kwanta ya jira ruwa. Iri in zai daɗe a ƙasa gara da tsuntsaye ba sa barinsa, don haka ta sayo wani jan garin magani a kasuwa. A bayan gida ta cuɗa shi da geron, da sanda, ba da hannu ba, sannan ta wanke hannunta da toka. Ta dube ni ta ce wannan ko kaza ta tsinta ta tafi ke nan. Ina faɗin wannan ne don kada a ce ba a gaya mini ba.

Ita ke gaba da sungumi tana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Ranar farko layina ya karkace kamar tafiyar maciji, Inna ta yi dariya har ta dafa sungumin. Bayan kwana huɗu aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshin da har yau in an fesa ruwa a titin Rusaifa nakan tsaya in shaƙa. Gero ya tsiro. Daga nan sama ta bushe, tsiron ya yi rawaya ya kwanta. Matan zumuntar coci suka yi mana gayya muka sake shukawa, aka sake yin yayyafi, ya sake ƙonewa. Musulmin gari suka fita roƙon ruwa, masu coci suka kaɗa ƙarfensu suka taru suna addu'a, sama dai fes. Abin da ya rage na irin Inna ta ɗura a gora, ta toshe bakinta da tsumma, ta rataye a ɗakinta.

Sai watan Ramadan ya kama. Inna ke tara mini ƙanzo don sahur, in na ce ta ci sai ta ce haƙoranta ba sa so.

Ranar kasuwa ce, azumi ya kai goma. Rumbu ya ƙare tun shekaranjiya. Inna ta ja akuyarta ta ƙarshe ta tafi neman hatsi, ta bar mini yarinyar. Tun hantsi take kuka. Na ba ta ruwa, na goya ta, na zaga da ita tsakar gida, tunda ba mai ganina balle in ji kunya. Wajen azahar muryarta ta dishe. Na sauke ta a inuwa, da na juyo sai na ga tana ɓanɓarar ƙasar bango tana ci.

Na shiga ɗakin Inna na sauko da gorar. Tun ina ƙarama aka koya mini cewa ko kare ya lashi ƙwarya, wanki bakwai yana tsarkake ta. Da wannan ilimin na yi aiki. Na zuba geron tafi biyu a ƙwarya na wanke, ruwan ya fito ja. Na zubar a gindin bango na sake. A na huɗu ya yi fari-fari, a na bakwai ya fito garau, na ƙarar da rabin ruwan tulunmu. Na yi bisimilla na niƙa na dama kunu. Kowace uwa takan ɗanɗana kafin ta ba yaro, amma ni ina azumi, ban kai ludayin bakina ba. Yarinyar ta shanye tas, ta lashe ƙoƙon, ta yi mini dariya.

Kafin la'asar ta fara amai, yawu na zuba, jikinta na karkarwa. Inna ta shigo da ɗan ƙullin dawa a ka.

"Mi kika ba ta?"

Ta ga gorar a ƙasa, ta ga jan da ya rina gindin bango. Ta saɓa yarinyar a baya ta ɗaure, ta nufi ɗakin shan magani da ke babban gari da gudu, ina biye da ita ba takalmi. Mun haye yashin rafi na ga kan yarinyar ya langaɓe. Inna ta ji, don na ga bayanta ya sandare, amma ta ci gaba da tafiya har muka wuce wata tsamiya. Sannan ta tsaya ta ce mu koma.

A hanyar komawa ta yi magana ba tare da ta waiwayo ba. "Ɗiyar nan, buɗe kunnenki. Ni na dama kunun nan kafin in tafi kasuwa. Na rikice na ɗauko gorar da ba ita ba. Ke ba ki san komi ba."

Na yi shiru. A duk abin da na aikata ranar, shirun nan na fi jin kunyarsa.

Liman ya yi wa yarinyar sutura da farin ƙyallen da Inna ta ajiye don likkafanin kanta. Ni ko kuka ban samu yi a fili ba, 'yar fari ce, mata na zuba mini ido su ga ko ina da kunya. Ba wanda ya yi shakkar labarin, tunda kowa ya san a hannun kakarta take ci. Rana ta uku Malam ya iso. A tsakar gida, a gaban masu gaisuwa, Inna ta maimaita masa abin da ta gaya wa kowa. Wasu sun riga sun tare shi a hanya sun raɗa masa cewa da gangan ta yi, don ya bar addininta. Ya dube ta ya ce daga yau ba shi da uwa a garin nan.

Ba shi kaɗai ya juya mata baya ba. Inna ce ke karɓar haihuwa a ƙauyen, ita ce uwar girki in ana biki ko Kirsimeti. Aka daina kiranta. Uwaye suka riƙa janye yaransu daga ƙofarta. Ranar Lahadi ta ɗaura zaninta ta tafi coci kamar kullum, ta zauna a bencin baya, na kusa da ita suka matsa.

Ana gobe Malam zai tafi da ni Kano ruwa ya sauko, na gaske, har rafi ya kawo. Da safe Inna ta ɗauki sungumi da ragowar gorar ta fita ita kaɗai, don ba mai zuwa mata gayya. Na bi ta. Ƙasa ta yi laushi, sanyinta na shiga tsagar ƙafata. Mun yi layi biyu, sannan na tambaye ta ko addininsu bai hana ƙarya ba.

"Ya hana," ta ce. "Zan amsa ta gaban Ubangijina. Amma ni na zuba maganin, ni na rataye gorar inda hannu ke kaiwa, ni na bar ki da ɗiya ba ko ƙanzo. Rabin maganar gaskiya ce."

Na ce zan gaya wa Malam. Ta kafa sungumin a ƙasa. Ta ce ta san ɗanta, zai sake ni kafin rana ta faɗi, kuma ba gidan da zai karɓi matar da aka ce ta kashe 'yarta. Ta ce ta ga irin kallon da nake yi wa tsohuwar rijiya kwana biyun nan.

"Ƙawata ta tafi," in ji ta. "In na bari kika bi ta, mi wahalar ta haifa? Ni an ɗauke min nawa kayan a kan gicciye, ban roƙa ba, ban biya ba. Wanga kaɗan ne. Biyo ni da iri, rana na yi."

Na bi ta da iri. An ce shukar nan ta kama, ta yi kyau, amma ni ban ga kakarta ba. Ban kuma sake sa Inna a idona ba.

Daga Kano muka zo aikin Hajji, muka zauna. Malam ya kafa kekensa a Nakkasa, muka haifi Zainabu da ƙannenta. Shi ya ba su labarin yayarsu da kakarsu, ina gefe ina yankan albasa. Duk shekara Inna kan sami wani alhaji daga yankinsu ta aiko da kuka da daddawa. Malam ya ce in zubar. Ban taɓa zubarwa ba, in yi miya ya ci ya yaba hannuna. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, a nan aka binne shi. Kwana uku ya yi yana jinya ina zaune a kansa, na buɗe baki ya fi a ƙirga, ban faɗa ba.

Ni kuwa duk Hajji ina Arfa ina dafa wa alhazai abinci. Farantan shinkafa da nama da muke kwashewa mu zubar a yini ɗaya sun isa su riƙe ƙauyen Inna har ruwa ya sauka. Bayan la'asar nakan saci jiki in koma bayan tanti in ɗaga hannu. Malamai sun ce mutum kan sauko daga Arfa kamar ranar da aka haife shi, ban kuma musa ba. Amma ni kullum da kayana nake saukowa, don na san akwai haƙƙin da ba ya faɗuwa sai an mayar wa mai shi. Wata tsohuwa da ko shingen garin nan ba za a bari ta ƙetare ba tana can tana ɗauke da laifina, ni ina nan ana ce mini Hajiya.

Na ture farantin shinkafar na sake kiran Zainabu. Na gaya mata komai a jere, yadda na faɗa a nan, har wanki bakwai ɗin.

"Ummi, kina zaune Baba yake faɗa mana. Kina zaune."

Ta kashe wayar. Kwana biyu ina kira ba ta ɗauka. Na share ɗaki sau uku, na wanke kayan da ba su yi datti ba, na je Harami na dawo ban san me na roƙa ba. Tsoro biyu ke cina, kada Inna ta cika kafin a je, kada kuma 'yata ta yi mini abin da ubanta ya yi wa tasa uwar.

Rana ta uku da hantsi wayar ta yi ƙara, kiran bidiyo. Na ga fuskar Zainabu a kumbure, a bayanta bangon ƙasa da rufin kwano. Ba ta gaishe ni ba, ta juya wayar. Inna na kwance a kan katifa, ta ƙanƙance kamar yarinya, hannunta ɗaya riƙe da gefen mayafin jikarta. Na gaishe ta, na ce na faɗa, Inna, ki yafe mini.

"Na ji," ta ce a hankali. "Shekara arba'in ina riƙon abu ɗaya, kin zo kin ƙwace min a bakin ƙofa. Yafiya kuwa tun a gona aka gama ta."

Yohanna ya leƙo ya ce ranar Lahadi zai tashi a coci ya faɗa wa jama'a, ko da yake yawancin waɗanda suka guje ta sun riga ta tafiya. Inna ta ɗaga yatsa ya yi shiru. Ta sa Zainabu ta matso da wayar kusa da fuskarta. Malam ɗanta na fari ne, ba ta kiran sunansa.

"Shi fa, da zai tafi, ya ambace ni?"

Bai ambace ta ba. Ya ambaci kekensa, ya ambaci yaran, ya yi kalmar shahada. Ina zaune a cikin Makka, inda aka ce zunubi ya fi nauyi, na dubi idon nan nata na ce ya ambace ki, Inna, sau biyu ma.

Ta daɗe tana kallona. Sannan gefen bakinta ya motsa.

"Har yau ba ki iya ƙarya ba, ɗiyar nan. Bar wa masu ita." Ta lumshe ido ta ja numfashi. "Ba komi. Ni na ambace shi kullum safe da yamma. Ya ishe mu mu biyu."